Sun haddace littafi, amma sun kasa gane jijiya a jikin gawa

Assalamu alaikum. Ni likita ne, ina zaune a Agege da iyalina. Da na gama bautar ƙasa sai aka ɗauke ni koyar da ilimin ƙirar jikin ɗan'adam, wato anatomi, a wata makarantar koyon likitanci a nan Legas. Aikina tsayawa da 'yan aji biyu a ɗakin fiɗar gawa. Ina yi musu bayani har muryata ta dushe, in na yi tambaya kuma su zubo amsa tiryan-tiryan. Amma da aka yi jarrabawar ƙararrawa, wadda ake kafa fil a wata gaɓa a ce ɗalibi ya rubuta sunanta kafin a kaɗa, 'yan teburina suka zube. Ni kaina wasu abubuwan sun kwance mini. Ga fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, yana cin idona, ina komawa gida da ciwon kai, uwargida tana cewa warin ya kama har kayan yara. Sannan akwai wata ɗaliba 'yar Hausawan Idi-Araba da ta ƙi taɓa gawa sam. Mahaifinta ya neme ni saboda ni Bahaushe ne, ya ce in dai sai an yanka mamaci, gara ta bar karatun. Na fara tunanin ko ban dace da aikin ba. Ku ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya yi wa aikinka albarka. Kada ka ajiye shi, domin wanda bai dace da koyarwa ba ba ya damuwa don ɗalibai sun faɗi. Bakin zaren yana cikin wasiƙarka, inda ka ce muryarka tana dushewa. Lacca an riga an yi musu ita a zaure. In ka tsaya a kan gawa kana magana awa biyu, yara ashirin sun kewaye ka, biyar ɗin gaba ne kawai ke ganin wani abu, kuma babu ko ɗaya da yatsansa ya shiga ciki. Ita kuwa jarrabawar ƙararrawa ido take tambaya: wannan zaren da fil ya soka, mene ne shi, me ke gabansa, me ke bayansa? Ɗalibanka kamar baƙo ne da ya haddace sunayen tashoshi daga Agege zuwa Obalende bai taɓa shiga danfo ba. Ka sauke shi a Oshodi, ba zai san inda yake ba.

Saboda haka sai ka sake tsarin zaman. Ana gobe aji, ka shiga ɗakin tare da ma'aikacin da ke kula da gawarwaki, ka buɗe yankin da za a yi, ka nemo kowane abu da hannunka. Wannan ne maganin abin da ya kwance maka, kuma shi zai nuna maka inda gawar teburinka ta saɓa wa zanen littafi, don babu jikin da ya zo daidai da zane. Daga nan ka rubuta abubuwa goma, kada su wuce goma sha biyu, waɗanda dole kowane ɗalibi ya taɓa kafin ya fita.

Ranar aji, minti goman farko naka ne: ga yankin, ga iyakokinsa, ga inda za a tsaga fata, ga abubuwa goman a kan allo. Bayan nan ka yi shiru ka raba aiki. Biyu su riƙe kayan fiɗa, ɗaya ya karanta musu littafin jagora da ƙarfi, ɗaya ya buɗe littafin zane kusa da su. Sauran kada su tsaya leƙe ta kafaɗar juna. Wasu su ɗauki ƙasusuwan yankin, wasu su tsaya kan hoton eksire, wasu su zana. Duk bayan minti ashirin a juya, kuma mai miƙa aska sai ya nuna wa mai karɓa abin da ya gano da yatsa. Ka riƙe takardar sunaye kana yin alama. In ba haka ba, za ka tarar yara uku masu ƙarfin hali sun yi fiɗar shekara duka, sauran sun zama 'yan kallo.

Makon farko hannu za ka koya musu. Ƙotar aska mai lamba 4 tana ɗaukar reza mai lamba 22, mai lamba 3 tana ɗaukar 10 ko 15, kuma da hantsaki mai kulle ake sa reza a cire ta, ba da yatsu ba. Aska ta fata ce kawai. A tsaga daidai kaurin fatar, a kama gefe da hantsaki mai haƙori a ja, bakin askar yana fuskantar fatar don kitsen ya zauna a jiki da ƙananan jijiyoyin da ke cikinsa. Da an wuce fata sai a ajiye aska a ɗauki almakashi: a cusa shi a rufe, a buɗe shi a ciki yana bin tsawon jijiya, a zare. Tantani zai rabu, jijiya ta tsira. Wanda ya shiga hammata da aska zai datse rabin abin da aka turo shi nema, kuma teburin duka ya yi asara har ƙarshen shekara.

Sai abin da ya kayar da su. A littafi jijiyar da ke kai jini ja ce, mai maido jini shuɗiya, jijiyar saƙo rawaya. A jikin da ya sha fomalin duk sun koma ruwan ƙasa. Don haka ka sa kowa ya murza su tsakanin babban yatsa da manuni. Mai kai jini zagayayyiya ce, bangonta da kauri, in ka matsa ka saki sai ta koma yadda take, kana jin rami a ciki. Mai maido jini bangonta siriri ne, a shafe take, sau da yawa da baƙin daskararren jini a cikinta. Jijiyar saƙo ba ta da rami, igiya ce cikakkiya mai zane-zane a tsawonta. Agara kuma tana sheƙi, in ka bi ta sai ta kai ka ga tsoka ta wani gefe, ƙashi ta ɗaya gefen. Ka dasa musu ƙa'ida ɗaya: ba a kiran sunan abu sai an bi shi an ga inda ya fito da inda ya nufa. A wuyan hannu agarar tsokar falmaris tana kwance kusan a kan jijiyar saƙo mai suna midiyan, a sha-raɓa kuma akwai siririyar agarar fulantaris da sababbin ɗalibai ke rantsuwa jijiyar saƙo ce. Ka kai su wuraren nan biyu da gangan, su ruɗe a gabanka, su warware da yatsunsu.

Mu ɗauki hammata, tunda a nan 'yan aji biyu ke fara karaya. Saƙar jijiyoyin saƙo na hannu tana tasowa daga saiwa 5 a jikin laka, C5 zuwa T1 (C alamar wuya ce, T ta gadon baya daidai ƙirji), su zama kututture 3, su rabu reshe 6, su sake haɗuwa igiya 3, daga nan manyan jijiyoyi 5 su fita. Ɗalibanka duk sun iya wannan jeri. Abin da ba su lura da shi ba, a cikin hammata ba za su ga saiwa ko kututture ba, waɗannan suna can cikin wuya, rassan kuma suna bayan ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Abin da ke gabansu igiyoyi ne da 'ya'yansu, kwance kewaye da babbar jijiyar jinin hammata: ta waje, ta ciki, ta baya. Ga yadda ake shiga. A ɗaga tsokokin ƙirji biyu, a tsince kitse da ƙulle-ƙullen kaluluwa, a cire ƙananan jijiyoyin maido jini da suka rufe wurin, babbar a ja ta gefe. Kada a fara daga sama inda komai ya cakuɗe. A nemi tsokar korakoburakiyalis a saman damtse, a sami jijiyar da ta huda ta ta shige, don ita kaɗai ke yin haka. A bi ta sama, za ta kai ka igiyar waje. Daga igiyar waje wani reshe ya gangaro ya haɗu da ɗan'uwansa na igiyar ciki a gaban jijiyar jinin, mahaɗarsu ita ce midiyan. A bi ɗan'uwan nan sama a sami igiyar ciki, a gangaro ta ɗaya ƙafar a sami alna. In an gama za a ga siffar harafin M kwance a kan jijiyar jinin. Sannan a ɗaga jijiyar jinin a hankali, ga igiyar baya nan ta rabu biyu: radiyal mai kauri ta gangara, agzilari ta juya baya ta zagaya wuyan ƙashin damtse. Wanda ya bi wannan hanya da yatsansa sau biyu, ko an juya hannun gawar a jarrabawa zai gane.

Kowane abu cikin goman nan ka haɗa shi da majinyaci, irin wanda za su gani a asibitocin Legas. Ɗan okada ya faɗi ya karye a tsakiyar damtse, sai aka ga wuyan hannunsa ya langaɓe ba ya ɗaguwa. Radiyal ce, don a wannan wuri tana manne cikin kwarin da ke bayan ƙashin. Ka ba su ƙashin damtse a hannu su shimfiɗa zare cikin kwarin. Yaro an yi masa allurar zazzaɓi a ɗuwawu ya dawo yana jan ƙafa. Allurar ta sami siyatik, jijiyar saƙo mafi kauri a jikin mutum, wadda ke fitowa ƙarƙashin tsokar firifomis ta gangara tsakanin ƙashin zama da tudun ƙashin cinya. Shi ya sa ake raba ɗuwawu huɗu a yi allura a kason sama na waje kaɗai, ƙananan yara kuma a yi musu a gefen cinya. A ganinmu wannan darasi ya cancanci a maimaita shi har ya gundure su, domin za su riƙa ganin irin yaran nan tsawon rayuwarsu ta aiki.

A ƙirji ka nuna musu jijiyoyi uku da ke ɓoye a ƙasan kowane haƙarƙari, mai maido jini a sama, mai kai jini a tsakiya, ta saƙo a ƙasa, sannan ka tambaye su ta ina za su soka allura in za a zuƙe ruwa. Da kansu za su ce ta saman haƙarƙarin ƙasa. A ƙugun mace kuwa ka daɗe. Bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda yana ratsawa ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, kimanin santimita 2 daga bakin mahaifa, kuma a nan ake ɗaure shi bisa kuskure wajen aikin cire mahaifa. Mafitsara tana gaba, farji a tsakiya, dubura a baya, bango siriri ne ya raba su. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne bangon nan a jikin ƙashin mara, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya zube, sai yoyon fitsari. Kai da ka fito daga al'ummar da ta san wannan ciwo ido da ido, kada ka bari darasin ya wuce a minti biyar.

Tunda da mai rai likita zai yi aiki, kowane mako ka ware rabin awa a wani ɗaki mai tsabta, maza da maza, mata da mata, wanda ya yarda kaɗai za a taɓa. A fara da tudun da ke kan ƙashin ƙirji, kimanin santimita 5 ƙasa da ramin wuya. Haƙarƙari na 2 a nan yake manne, daga shi ake ƙirga sauran, kuma a daidai layin nan maƙogwaro ke rabuwa biyu, tsakanin ƙasusuwan gadon baya T4 da T5. A ƙirga zuwa tazara ta 5 tsakanin haƙarƙari ta hagu a ji bugun ƙarshen zuciya. A baya kuma a ɗora hannu kan saman ƙasusuwan ƙugu biyu; layin da ya haɗa su yana ratsa L4, wato na huɗu cikin ƙasusuwan gadon baya na ƙasa da haƙarƙari. Laka tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2 a babban mutum, shi ya sa in ana zargin sanƙarau ake ɗibar ruwan baya ƙasa da nan, tsakanin L3 da L4 ko L4 da L5.

Kana kuma da gatan da abokan aikinka ba su da shi. Mayankar Oko-Oba tana nan Agege kusa da kai, mahautan da yawa 'yan gida ne. Da izinin shugaban sashe, ka je da asuba ka roƙi a ware maka zuciyar rago ko ta sa da ba a tsaga ba, a bar mata jijiyoyinta da tsawo, in da hali haɗe da huhu da maƙogwaro. A sa ta cikin ƙanƙara, a yi amfani da ita ranar, a teburin da ba na gawa ba. Zuciyar da ta sha fomalin ta ƙandare, ba ta nuna yadda ƙofofinta ke aiki. A ɗanya kuwa, ka zuba ruwa ta saman awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, su leƙa su ga 'yan aljihu uku sun cika sun rufe hanya, ga kuma ramuka biyu a samansu inda jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta suka tashi. Ka yanka ta a gicciye su gwada bangon ɗakin hagu na ƙasa da na dama, na hagu ya ninka kusan sau uku. Huhun a hura shi da famfon keke, ba da baki ba. Ka kuma faɗa musu inda kamar ta tsaya: huhun mutum kashi 3 ne a dama, 2 a hagu, na rago ya fi haka rabuwa, ƙodar sa gungu-gungu take, ta mutum sumul.

Minti ashirin na ƙarshen kowane zama ka yi musu ƙaramar jarrabawar ƙararrawa. Fil biyar ko shida, minti ɗaya kowanne, ba magana, kowa ya rubuta. Biyu daga aikin yau, sauran daga makon jiya da watan jiya. Wani lokaci ka juya gaɓar, ko ka rufe rabinta da ƙyalle, ko ka kai su gawar wani tebur. Ka koya musu yadda ake kashe minti ɗayan: da farko wane yanki ne, dama ko hagu, ina sama ina ƙasa, sai wane irin abu ne, tsoka ko agara ko jijiya, suna ne na ƙarshe. Masu faɗuwa da suna suke farawa. In kuma aka yi maka tambayar da amsarta ta ɓace maka, ka ce a buɗe littafi a duba tare. Kada ka ƙaga amsa, don ɗalibi zai ɗauke ta har gadon majinyaci.

Yanzu ga lafiyarka, kuma wannan ba abin da za a ce maka ka yi haƙuri ka saba ba ne. Fomalin ruwa ne mai ɗauke da kimanin kashi 37 cikin 100 na sinadarin fomaldihaid, wanda ke tashi ya bi iska. Tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji, musamman a bayan hanci. Dokar wurin aiki a Amurka ta ƙayyade shi a kashi 0.75 cikin miliyan na iska a yinin awa 8, da kashi 2 cikin miliyan na minti 15. Zafin Legas yana ƙara masa saurin tashi, kuma ɗalibi zuwa yake ya tafi, kai da ma'aikatan ɗakin ku ke shaƙa kullum.

A buɗe tagogi ta ɓangarori biyu, a kunna fankar da ke zuƙe iska waje rabin awa kafin a shigo, a lokacin ne kuma za a kwance ledar gawa don tururin farko ya fita ba kowa a ciki. Fankar silin ba ta fitar da komai, juya iskar kawai take yi. A buɗe yankin da ake aiki kaɗai. Ruwan da ya taru cikin ƙirji ko ciki ko kan tebur a tsane shi a bokiti mai murfi. In an ɗauke wuta janareto bai tashi ba, ka rufe gawa ka fitar da yara a yi darasin ƙashi a waje. Safar hannu ta naitiril ta fi ta roba tare sinadarin. Takunkumin asibiti na takarda ba ya tare tururin, sai mai matata ta musamman, kuma shi ya kamata sashe ya saya wa masu yini a ɗakin. Ka rubuta buƙatar a takarda cikin ladabi, da sa hannun abokan aikinka da ma'aikata. A sa tabarau mai rufe gefe, in ruwan ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai gudu minti 15. Farar riga da takalmin ɗakin su kwana a wurin aiki, a wanke su dabam, kada su shiga kwandon wankin yara, kai kuma ka yi wanka ka sauya kaya kafin ka ɗauki yaro. Mai asma da mai juna biyu su sanar da kai a asirce tun farko. In ciwon kan ya ci gaba, ko tari ko ƙaiƙayin fata ya biyo baya, ka je a duba ka, kada ka rubuta wa kanka magani.

Batun ɗalibar nan ya fi kowanne buƙatar lallami. Mahaifinta ba jahilci ne ya kawo shi ba. Hadisin da aka karɓo daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, sananne ne, kuma wanda ya tashi a kan gaggauta yi wa mamaci sutura dole abin ya yi masa nauyi. Ka je gidansa da kanka, ka gaishe shi a matsayin uba, ka saurare shi har ya gama. Sannan ka sanar da shi cewa malamai sun zauna a kan mas'alar. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta duniyar Musulmi, a zamanta na 10 a Makka cikin 1987, ta halatta fiɗar gawa don binciken musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, da gano cututtuka, da koyar da likitanci. Ta kuma gindaya sharuɗɗa: in an san mamacin sai da izininsa kafin ya rasu ko na magadansa, a tsaya iyakar buƙata, gawar mace mata su yi aikinta in akwai su, sannan a binne dukan sassan bayan an gama. Kada ka mai da kanka mai fatawa. Ka roƙe shi ku tafi tare wurin malamin da shi ya amince da shi, a Idi-Araba ko a Agege, ka bayyana abin da ake yi a ɗakin dalla-dalla, malamin ya yi hukunci. Akwai kuma tambayar da za ka ajiye masa a hankali: in iyalinsa na buƙatar aiki a mahaifa, ba zai so a sami likita mace Musulma da ta san inda bututun fitsari ya ratsa ba?

Kada ka ɓoye masa komai. Tun 1933 Najeriya ke da dokar da ta tsara koyar da anatomi, amma yawancin gawarwakin da ke ɗakunan fiɗa a ƙasar nan na waɗanda ba a sami danginsu ba ne, kuma wannan ya ƙara muku nauyin mutunta su. Ka gyara teburinka kafin ka je masa. Fuska da al'aura a rufe sai ranar da darasi ya kai can. Ba ɗaukar hoto, ba laƙabi, ba raha da gaɓa. Duk abin da aka cire daga jiki ɗaya, ko kitse ne, ya shiga mazubi mai lambar wannan jikin don a binne su tare.

Ita kuma yarinyar, ka bincika ko shubuhar addini ce kaɗai ko da tsoro a ƙasa, domin sau da yawa tare suke zuwa, wani lokaci ma rasuwar wani na kusa ce ba ta daɗe ba. Kada ka kira sunanta gaban aji, kada kowa ya tilasta mata. A haɗa ta da wata 'yar aji huɗu ko biyar, in an samu Musulma irinta da ta wuce wannan mataki. A bi da ita daki-daki: ƙasusuwa tukuna, sai zuciyar rago, sai gaɓar da aka riga aka feɗe aka ware, sai ta zama mai karanta littafin jagora a gefen tebur, sai ta riƙe hantsaki wani na yanka. Ta ci abinci kafin ta shigo, ta tsaya kusa da taga, a ajiye mata kujera. In jiri ya ɗebe ta ta zauna ta sunkuyar da kai, ta fita ta sha iska, amma ta dawo ranar ko da minti goma ne, don wanda ya fita bai dawo ba gobe tsoronsa ninkuwa yake yi. Ta tanadi ƙaramin hijabi na ɗakin da za ta cusa cikin farar riga ta bar shi can, saboda dogon yana jan ruwan tebur. In ta tambayi alwala, a mazhabar Malikiyya taɓa mamaci ba ya cikin abubuwan da ke warware ta. Ta wanke hannu ta sauya tufar da ruwan ya taɓa kafin salla. Ka kuma gaya mata tun yanzu cewa ba a haye jarrabawar wannan mataki sai da ɓangaren gawa, don ta san lokaci na tafiya. In mako huɗu suka wuce ba ta iya tsayawa a ɗakin ba, ko barci ya ƙaurace mata, ka sanar da mai ba ɗalibai shawara a sashenku, da saninta, a haɗa ta da likitan da ya dace.